Kafin Ki Hau Dandamali, Ki Ji Daga Bakin Dije Jinsi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yar fari, wadda ba na kiran sunanta.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kun sauka Abuja lafiya, ke da ƙanwata Bilki. Allah ya sa direban bai bi ta hanyar da babanki ya hana ba. Allah ya tsare ku daga sharrin daji da sharrin ƙarfe, da sharrin bakin mutane, wanda shi ne ni na fi sani. Wannan takarda cikin ledar dambun nama na cusa ta, don na san ko me kika manta a jaka ba ki manta dambu. Da hannuna na rubuta. In kin ga harafi ya karkace ki yi haƙuri, karatun manya ne na yamma, ba irin naku na jami'a ba. Kada ki ba Bilki ta karanta. Ba don ita na rubuta ba, ko da yake sunanta zai fito fiye da yadda raina ke so.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Rawayau tana nan inda kika bar ta, shanu suna nan, ƙannenki suna nan da ɓarnarsu.

Kin tafi gasar sarauniyar kyau. Ranar da kika zo da maganar, ni na ce a'a, babanki ya ce a'a. Sai Bilki ta taso takanas daga Abuja, ta zauna da shi a zaure, kafin shayinshi ya huce ya amince. Wai ta masu hijabi ce, wai ba a nuna jiki, wai wadda ta ci za a ɗauki nauyin karatunta na gaba. Ikon Allah! Ni da na tsufa a gidan mutumin nan, ko zuwa suna Kutawa zan yi sai na yi ta magiya, ita zama ɗaya ta juya shi. Na ji haushi, kuma har yanzu da nake rubutun nan ina jin shi.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Ranar da kike haɗa kaya, ina bakin murhu, kina waya a bayan ɗaki. Kin ɗauka ƙarar tartsatsin wutar ta hana ni ji. Na ji kin ce, "Sun ce a ranar ƙarshe kowace za ta kira mahaifiyarta ta hau dandamali. Na ce masu Momi za ta hau." Ba sai an faɗa mani wace ce Momi ba. Ni tun da kika fara magana Adda kike ce mani, don kin tashi kin ji Bilki tana kirana haka, kika ɗauka shi ne sunana. Ni ce yaya, ita ce uwa. Tuwon ranar ya kama, babanki ya tambaya, na ce itacen ne ɗanye.

Na san dalilinki. Kina tsoron a ce ga mahaifiyarta, wani a cikin taron ya ɗaga kai ya ce, "A'a, wannan ba Dije Jinsi ba ce?" To bari in ba ki labarin. Kin ji shi a bakin 'yan ajinku da suka riƙa tsokanarki, kin gan shi a wayar mutane, amma daga bakina ba ki taɓa ji ba.

Shekarar da ake ta cacar baki a rediyo kan dokar nan ta aure, kina aji uku a firamare. Ni a lokacin rediyona na waƙa ne da gaishe-gaishe. Da an ce ga labarai nake tashi in kama aikina. Sai matar wani ɗan siyasa mai neman kujera ta shirya taro a wani babban ɗaki a Kurfi, mata zalla, aka ce kowace mazaɓa ta kawo mata biyu a yi gasar kwalliyar gargajiya. Rawayau ta tura ni, ta tura Bilki. Ni don kyau, ita don ta gama kwaleji a Dutsin-Ma, ko da za a yi Turanci.

Ba yabon kai ba, ki tambayi duk wanda ya san mu a lokacin. In muka jera da Bilki, ita ake tarewa a tambaya, "Ina yayarki ke sayen kwalli?" Hancin nan naki da ake ta magana, da wuyan nan, ki duba Bilki da kyau ki gaya mani ko daga wajenta kika samo su.

Aka duba kitso, na wuce. Aka duba lalle, na wuce. Aka ce a yi tafiya da ƙwarya a ka. Bilki ta dafe tata da hannu biyu tana tafiya kamar mai tsallaka rafi, ni kuwa na saki hannuwana, na je ƙarshen ɗakin na juyo, ko motsi ƙwaryar ba ta yi ba. Aka ce a dama fura. Ta Bilki da gudaji, na gani da idona, ɗaya daga cikin alƙalan sai da ta tauna. Mata suka yi ta guɗa suna "Dije! Dije!" Aka tace aka tace, saura mu biyu, ni da ƙanwata. Keken ɗinkin da za a ba wadda ta ci yana gefe an ɗaura mashi kyalle ja, har na zaɓa mashi inda zai zauna a ɗakina.

Sai mai gabatarwa ta karɓi lasifika. Wata 'yar boko ce da aka ɗauko daga Kaduna, mai dogayen farata. Ta ce a manyan gasanni na duniya ba a ba da kambu sai an gwada ƙwaƙwalwa, don haka kowace za ta zari takarda a cikin ƙwarya ta amsa tambayar da ke ciki. Bilki ta zara. Wai me take so gwamnati ta yi wa matan karkara. Ji fa! Tambayar da ko akuyarmu ta san amsarta. Rijiya, asibiti, makaranta. Ta faɗa, ta ɗan yayyafa Turanci a kai, aka tafa.

Na zari tawa, na miƙa, don a lokacin ban iya karatu ba. Matar ta buɗe, ta yi wani murmushi, ta ce, "Malama Dije, mene ne ra'ayinki game da auren jinsi?"

Ke kin taso kin tarar kalmar nan ta riga ta sake riga. Mu a gidanmu jinsi iri ne. Akwai jinsin farfarun shanu, akwai na jajaye. Akwai jinsin Fulani, da na Hausawa, da na Buzaye. Kuma a daidai lokacin dangi sun rabu biyu, don ɗan baffanmu ya kafe sai ya auri wata Bahaushiya 'yar Kuki. Kullum maganar da ake yi a tsakar gida ke nan. Da na ji tambayar na ce a raina, alhamdu lillahi, an kawo ni gida. Na gyara tsayuwa, na karɓe lasifikar daga hannunta ma, na ce:

"Yo ni ai ba abin da nake so a duniya kamar auren jinsi. Ni ma shi na yi. Iyayena shi suka yi, kakannina shi suka yi, ba wanda ya ga sharrinshi. Da ina da iko doka zan kafa, kowa ya tsaya ga jinsinshi a huta. Ga ɗiyata can zaune, in Allah ya raya mana ita, ita ma auren jinsi zan yi mata!"

Har da nuna ki da yatsa.

Ɗakin ya yi tsit. Na ɗauka daɗin maganar ne ya ɗaure masu baki. A cikin shirun nan mutum ɗaya ne ya tafa. Ke ce. Kina kan benci na gaba da 'yar rigarki mai ruwan ɗorawa, ƙafafunki ba su kai ƙasa ba, kina ta tafi da ƙarfinki kina kallona kina dariya, haƙoranki na gaba biyu babu. Sai wata tsohuwa ta saka salati, wata ta fashe da dariya, ɗaki ya ɗauka. Kika tsaya da hannuwanki a buɗe kina waige-waige.

Bilki ta ja ni bayan labule ta ce, "Adda, namiji da namiji fa ake nufi. Mace da mace." Na ce, "Su yi me?" Ta ce, "Aure." Wallahi sai da ta maimaita. Da na gane, na zauna a ƙasa da saƙina da murjanina. Ina nan zaune na ji an kira sunanta a lasifika, ta saki hannuna ta fita.

Ga nasiha ta farko, kuma da tsada na saye ta. In aka jefo maki tambaya, kada ki yi saurin murna don kin ji kalmar da kika sani. Kalmar da kika sani ta fi wadda ba ki sani ba haɗari. Ki tsaya, ki dubi mai tambayar, ki ce, "Me kike nufi da wannan?" Ba wanda aka taɓa yi wa waƙa don ya nemi a maimaita mashi tambaya. Ni da na ce "wane jinsin?" kawai, da yanzu keken nan yana ɗakina, da ke ma ba ki nemi aron uwa ba.

Bilki tana gefena lokacin da nake zuba. Kafaɗarta na gogar tawa. Ta san ma'anar tun daga kalmar farko. Na sha tambayarta, "Don me ba ki tsayar da ni ba?" Kullum amsarta ɗaya ce: "Adda, wallahi na taka maki ƙafa, ba ki ji ba." Ƙafata ta dutse ce? Gaskiya dai takalmin ranar na aro ne, ya matse ni har yatsuna sun mutu, wannan ba zan ɓoye ba. To, a ce ta taka. Sau ɗaya ake takawa? Ba ta da farce? Ba ta da baki? Ni da ita ce ke shirin faɗawa wannan rami, da lasifikar zan fizge, in ya so a kore mu tare.

Daga keken ɗinkin nan komai ya buɗe mata. Matar ɗan siyasar ta ɗauke ta, aka kai ta Katsina, aka sa hotonta a kalanda tana riƙe da ƙwarya, ƙwaryata ce ma, wadda na yi wa zane da hannuna. Daga Katsina sai Abuja. Yanzu ita ce mai mota, ita ce mai zuwa Umara, ita ce in ta sauka Rawayau yara ke bin ta a guje. Ni kuwa na samu suna. Wata a cikin taron ta ɗauke ni a waya. Lokacin ba a yi wannan yayin na yanzu ba, ta bulutut ake turawa, waya kusa da waya, amma kafin kasuwa ta zagayo har masu cajin waya na Dutsin-Ma suna saka wa mutane ni a memori tare da waƙoƙi. In na ɗauko nono zan shiga kasuwa, 'yan kabu-kabu su hau oda suna "Dije Jinsi! Kowa ya tsaya ga jinsinshi!" Liman ya aika aka kira babanki. Bawan Allah ya je ya yi bayani, liman ya yi dariya har rawaninshi ya kwance, ya ce a je ba komai. Amma liman mutum ɗaya ne, bidiyon kuwa ya riga ya je inda bayani ba ya zuwa.

Waɗanda suka san kuskure ne suka yi ta dariya. Waɗanda ba su sani ba suka daina shan furata. A gidan biki na ga mace ta janye tabarmarta daga kusa da tawa. Wata ta zuba mani kuɗin nono a kan faifai don kada hannunta ya taɓa nawa. Ke kuma kika dawo daga makaranta ranar nan da ɗankwali a yage, daga ranar kika daina bi na kasuwa.

Nasiha ta biyu ke nan. Waccan mai dogayen farata ba ra'ayina take so ba. Me za ta yi da ra'ayin mai tallan nono? Ta ga ana yi a talabijin ne, ta ga irin tambayar nan ce ke sa taro ya yi zafi. Waɗanda za su tambaye ki ma haka ne. Manyan da ke da kujeru da albashi sun yi ta gardama a kan abin nan a majalisa, su ba a sa masu takalmi mai tsini an ce su amsa kafin a ƙirga goma. Sai 'yar mutane, a haska mata fitila a ido, a ce ta warware abin da ya raba ƙasashe. In ta ce e, gida ya ƙone. In ta ce a'a, alƙalai su ɓata rai. Ko ta ina ta bi, su dai sun samu abin turawa a waya. Don haka ki sani, ba su kaɗai kike ba amsa ba. Kina ba 'yan kabu-kabun Dutsin-Ma amsa, da ƙannenki da za su je makaranta washegari, da 'ya'yan da ba ki haifa ba tukuna.

Akwai kuskuren da ya fi na Kurfi, kuma wannan ba jahilci ya sa ni ba. Kin tuna Ɗan'asabe mai tuwo na tashar Dutsin-Ma? Mai ɗaura zani a ƙirji in yana tuƙi, wanda ake ta maganganu a kanshi. Abin da ke tsakaninshi da Ubangijinshi ban sani ba, ban kuma taɓa gani ba. Abin da na sani, lokacin da kowa ya gudu, shi kaɗai ya ci gaba da sayen man shanuna. Ranar nan ya auna, ya dube ni ya ce, "Dije, ki daina kuka a kasuwa, daɗi suke ji. Mu da aka saba nunawa mun san kwanan zancen. Za su gaji."

Makon da kalandar Bilki ta fito, na shiga tasha na gan ta manne a shagon mai shayi, ga 'yan kabu-kabu sun fara kiran sunan nan. Na dire ƙwaryata, na ɗaga murya na ce ni Musulma ce 'yar Musulmi, in masu wannan aiki suke nema ga irinsu can bakin tukunya, na nuna shi. Na zage shi tas, har da abin da ba zan rubuta ba. Tasha ta ɗauki tafi da shewa. Tafin da aka hana ni a Kurfi, ranar na same shi har da ƙari. Shi kuwa bai ɗago ba, ya ci gaba da kwashe tuwonshi. Bayan na tafi aka ce yara sun kifar mashi da miya. Bai sake sayen man shanuna ba, daga baya ma ya bar tashar, ban san inda ya koma ba. Sunan kuma bai fita daga kaina ba, har yau Dije Jinsi ce.

To ki ji. In tambayar nan ta zo maki, kin san abin da addininki ya ce, ba Bilki za ta koya maki ba, ba ni ba. Ki faɗe shi a taƙaice, da murya a kwance, a matsayin abin da kika yi imani da shi, ki tsaya nan. Kada ki ƙara da zagi don ki ji tafi. Kada ki nemi a kama wani ko a doke shi. Duk wanda za ki nuna da yatsa, wata ce ta yi naƙudarshi. Ni na ɗanɗani zaman wanda ake janye wa tabarma, a kan abin da ban ma aikata ba, kuma ban ga wanda wannan ya shiryar ba. Hukunci akwai mai shi, kuma bai ba 'yan gasar kyau riƙo ba.

Na ji ku kuna bita ke da Momin taki. Turancin ya fi ƙarfina, amma na iya ƙirga, na ji amsa biyu ce. Da na tambaye ta ta ce, "Adda, dabara ce. In alƙalan 'yan Kudu ne da Turawa ta ba da wannan, in namu ne ta ba da waccan." Tabɗi! Ashe haka aka ci keken ɗinki. Ni da duk wautata, abin da ke cikina na faɗa a Kurfi. Ma'anar ce na ɓata, ban yi ƙarya ba. Ko da yake shi ma wancan ra'ayin na sauke shi tuni, don Bahaushiyar Kukin nan da muka ƙi, ita kaɗai ce a dangi ta zo ta zauna kan tabarmata a gidan bikin. Ke dai ki zubar da amsa ɗaya a cikin biyun nan. Ki riƙe wadda za ki iya maimaitawa a gaban babanki da kuma a gaban alƙalan ba tare da kin sake ko kalma ɗaya ba.

Kada ki ce na tsani Bilki. Cikinmu ɗaya, ni na goya ta. Ta biya maki abubuwan da ban iya ba, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta ɗora ranta a kanki, na sani. Ki yi mata biyayya, ki ci abin da ta ba ki, kada ki fita ba da saninta ba. Amma kishinta nake yi, kuma na gaji da ɓoyewa. Ba motar ba, ba Umarar ba, keken ma na yafe. Abin da nake kishi shi ne yadda take buɗe baki ta kira sunanki tun daga ƙofar gida. Yadda take rungume ki a gaban mutane. Yadda kike kwantar da kai a cinyarta tana tsefe maki kitson da ni na yi.

Wannan shi ne kuskurena mafi tsawo, don shi kullum nake yin shi. An ce mana 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a yi mata wasa, ba a nuna an damu da ita. Haka innarmu ta yi wa babban yayanmu, haka na tarar, haka na yi. Ranar sunanki ma ɓuya na yi a ɗaki. In kin faɗi kin fasa gwiwa, sai in ce, "Wani ya ɗauke yarinyar can," ina tsaye ina satar kallon gwiwar. Wa ke ɗauka? Bilki. Da kika ci jarrabawar shiga jami'a, mata suka cika gida da guɗa, na ce, "Ai ta yi ƙoƙari," na shige madafa. A can na yi tawa rawar ni kaɗai, da muciya a hannu. Har makarantar manyan nan da na shiga, mutane sun ɗauka don kada a sake yi mani irin ta Kurfi ne. Wannan ma yana ciki. Amma babban dalili, na gaji da ganin kina kai wa Bilki sakamakon jarrabawarki ta karanta.

Na ɗauka kin san abin da ke ƙarƙashin kunyar. Na ɗauka ana ganewa. Ashe yaro abin da ya ji da kunnenshi yake riƙewa. In Allah ya ba ki naki, ki yi kunyar daidai gwargwado a gaban surukai, amma in kun shiga ɗaki ki kira shi da sunanshi har ya gaji da ji.

Ban ce ki fasa abin da kika shirya ba. Ko kin ce in zo ba zan iya takalman can ba, kuma gaskiyarki ne, akwai mai iya gane fuskata. Bilki ta hau. Ta iya tsayuwa a gaban fitila, ta saba karɓar abin da aka ɗaura wa jan kyalle. Mu nan maƙwabciyarmu ta ce za ta kamo mana a wayarta, an riga an yi maganar caji. Zan zauna a gaba. In kin amsa daidai, za a tafa, ba za ki ji nawa a ciki ba. In kuma harshe ya zame maki, ɗakin ya yi irin shirun da na sani, to ki tuna akwai mace ɗaya a Rawayau da ke tafi da duk ƙarfinta, ba ruwanta da abin da kika faɗa. Ke kika fara yi mani, ban manta ba.

Abu ɗaya kawai nake roƙo. In Bilki ta hau ta tsaya kusa da ke, mai lasifika ya ce, "Wannan ce mahaifiyarki?" to wannan tambayar ba irin tawa ba ce. Na juya ta ta kowane gefe, ma'anarta ɗaya ce. Ki ce ƙanwar mahaifiyarki ce, wadda ta riƙe ki kamar ita ta haifa, don gaskiya ne. Sannan ki ce mahaifiyarki tana Rawayau tana sayar da nono, sunanta Dije. In wani ya ƙarasa sauran sunan daga cikin taro, ki bar shi ya ƙarasa. Na ɗauke shi shekara da shekaru, bai kashe ni ba.

Na san ba ni da bakin roƙon ki faɗi sunana a gaban duniya, ni da ban taɓa faɗin naki ba ko a cikin ɗaki. Don haka bari in fara. Na leƙa, ba kowa a tsakar gida.

Safiya.

Safiyatu, ɗiyata. Ni na haife ki.

Allah ya tsare mani ke a inda idona ba ya kaiwa. Allah ya sa maki nutsuwa a harshe, ya raba ki da tafin da za ki yi nadamarshi. Ki riƙe salla, ki riƙe azkar ɗinki na safe, kada ki sha abin da ba a gabanki aka buɗe ba. In za ku dawo ku taso da sassafe, kada yamma ta same ku a hanya. Da kambu ko ba kambu, Allah ya maido ki Rawayau da ƙafafunki. Ki gai da Bilki, ki ba ta dambun kaɗan, ba duka ba.

Ni na faɗi naki. Saura ke.

Wassalam,
mahaifiyarki, Dije.